Jiran Sabuwar Waya Ya Cinye Mana Gefen Gona

Shekarun baya kaɗan, idan ka zo majalisarmu ta Ƙofar Marusa bayan La'asar ka tambayi wanda ya fi kowa sanin waya, ni za a nuna maka. Malamin sakandare ne ni, ina koyarwa a Batagarawa, ina da mata da 'ya'ya biyu, amma ba da koyarwa aka san ni a unguwa ba. Na san wayar da za ta fito tun kafin masu ita su sanar. Na san idon kyamara nawa za a sa mata, da launin da za ta zo da shi, da abin da ake raɗe-raɗin za a cire mata. Ɗalibaina ma sun gane lagona, idan suna so darasi ya watse sai ɗaya ya ɗaga hannu ya tambaye ni yaushe sabuwa za ta fito. Edita, na rubuto ne domin abin da wannan hali ya jawo mini ya daɗe yana cina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da kamfanonin wayar, don babu hannunsu a ciki. Laifin nawa ne.

Majalisar tamu ta rabu gida biyu. Mu muna riƙe da wayar kamfanin nan da ke ƙera waya da tsarinta shi kaɗai, ba ya barin kowa ya sa masa hannu. Su kuma suna riƙe da ɗaya tsarin, wanda kamfanoni barkatai ke amfani da shi. Suna kiranmu 'yan rufaffen gida, mu kuma muna kiransu 'yan gidan haya. Jagoransu aminina ne tun firamare, tela, shagonsa na kallon bencin da muke zama. Kullum maganarsa ita ce wayarsa na ɗaukar memori, yana tura abin da ya ga dama inda ya ga dama, kuma idan ta lalace kowane mai gyara ya san cikinta. Ni kuma in ce tawa ba ta shaƙewa, hotonta ya fi tsabta, ɓarawo ma idan ya sace ta ba ta da amfani a wurinsa. Da wasa muka fara. A hankali ya zama idan ya yi gaskiya a kan wani abu sai in ji kamar ya zage ni, in koma gida ina neman abin da zan ƙaryata shi da shi gobe.

Muna da gonar gado a bayan Batagarawa, ta kakanmu. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, wanda ya rage a gidan shi ne ƙanensa, Baffa, da ke zaune a Ƙofar Durbi. Da gari ya fara matsowa wajen, aka fara yanka gonaki ana mayar da su filaye, sai hankalin Baffa ya tashi. Gonar ba ta da takarda. Iyakarta ta gabas kuma gamba ce da shanu suka cinye, da wata tsohuwar ɗinya da aka sare tuntuni. Mutum biyu kaɗai suka rage a raye cikin waɗanda suka ga ranar da aka shata iyakar: shi, da dattijon da ke da gonar maƙwabtanmu. Wata Asabar bayan an cire amfani, Baffa ya sa yayana ya ɗauke su su biyun a mota, ni kuma aka ce in zo da wayata, tunda ni ne masanin gidan.

Mun fi awa muna zagaye. Baffa na gaba da sandarsa, yana tsayawa yana nuna inda kututturen ɗinyar yake a binne, da inda aka taɓa haƙa rijiyar da ta rufta, yana faɗin wanda ya tsaya a ina a wancan lokacin. Duk inda ya nuna sai ya juya ga dattijon maƙwabcinmu, shi kuma ya ce haka ne, ya ƙara da nasa bayanin. Na ɗauki komai a bidiyo, fuskokinsu da muryoyinsu da ƙasar da suke takawa. Da muka koma inuwa Baffa ya kalli wayar a hannuna ya ce, "Wanga abu naka shina riƙe magana kuwa? Ko mu samo takarda a rubuta?"

Na yi dariya na ce, "Baffa, takarda gara ke ci. Wannan ta fi takarda."

Ya gyaɗa kai. Ni ne na hana a rubuta.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne wayar ta riga ta tsufa. Batirinta ya fara kumbura har murfin baya ya ɗan ɗaga, tana zafi idan tana caji, cikinta kuma ya cika maƙil. Ma'ajiyar intanet da take kwafe abubuwa a ciki ita ma ta cika tun watanni, kullum tana turo mini gargaɗi ina gogewa. Na san duk wannan. Amma saura 'yan watanni sabuwa ta fito, kuma na riga na tsara komai a kaina: in sayi sabuwar, in ajiye su kusa da juna, komai ya koma da kansa ba tare da na taɓa ko maɓalli ba. Har na ƙudura a majalisa zan yi wannan, a gaban telan, don ya gani da idonsa.

Shi ne mutum na farko da ya yi mini magana. Ya ji labarin bidiyon a bakin yayana, sai ya kira ni cikin shago, ba a gaban mutane ba, ya ce in kawo wayar mu tura bidiyon cikin tasa, ya zuba a memori ya ba ni in ajiye a gida. Ya ce abin gado ba a barinsa wuri ɗaya. Da wani ne ya faɗa da na karɓa. Amma na san turawa daga tawa zuwa tasa sai an sha wahala, sai an nemo kwamfuta ko wata igiya ta musamman, kuma wannan ita ce ainihin maganar da ya shekara yana yi mini ina musantawa. Sai na ce masa ba zan zuba bidiyo mai wannan kyau a wayar da za ta dusashe shi ba. Ya kalle ni, sannan ya ce in ma ba tasa ba, in kai makaranta in zuba a kwamfutar ofis. Na ce zan yi. Ban yi ba. Matata ma ta ce in tura wa yayana ta manhajar hira ko da zai rage kyau, na ce mata bidiyon ya yi tsawo, kuma ba ta san harkar ba. Har yau idan na tuna yadda na faɗi wannan kalma sai kunya ta kama ni.

Ranar da aka ƙaddamar da sabuwar wayar mun taru bayan Magariba muna kallo a wayar wani. Da aka gama sai ga shi kusan duk abin da na yi wata da watanni ina yi wa mutane alkawari babu shi. Ta fito kamar ta bara da ɗan gyara. 'Yan gidan haya suka yi ta dariya, telan ya jera mini abubuwan da aka yi ta tafa wa hannu, ya ce tasa ta shekara biyu tana yinsu. Don in fita kunya sai na ce ai duk mai hankali ya san wannan ba ita ba ce, ta baɗi ita ce za ta zo da sabon fasali gaba ɗaya, kuma ita nake jira. Da bakina na ƙara wa kaina shekara guda. Bayan na faɗa a gaban mutane kuma, sayen wata waya ya zama kamar na sauka daga maganata. Na ci gaba da yawo da mai kumburarren batir, ina ɗaure ta da kyauro.

Cikin damina Baffa ya kwanta, kwana tara ya yi Allah ya karɓi abinsa. Ba a yi arba'in ba dattijon maƙwabcinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, maganarsa ta daina fita. A lokacin ya kamata in farka. Na ma ɗauki wayar wata rana da niyyar kai ta makaranta, sai aka ce wanda ke riƙe da makullin ɗakin kwamfuta ya yi tafiya, na ce sai wani mako. A wancan makon ne, ranar Talata da hantsi, na sa ta caji a ɗakin malamai da wutar janareta na shiga aji. Da na fito na tarar da ita ta yi zafi kamar dutsen guga, allon ya yi baƙi, wani wari na fita. Na danna, na sake dannawa, ba ta motsa ba.

Na bi masu gyara na cikin gari ɗaya bayan ɗaya. Wani ya canza batir, wani ya canza allo, wani ya buɗe ya rufe ya miƙo mini. Na je har Kano wurin wanda aka ce babu kamarsa. Ya duba ta da madubinsa ya ce injin ya ƙone, kuma irin wannan waya abin da ke cikinta a kulle yake da injin, idan ya mutu ko an ciro ma'ajiyar ba mai iya karantawa. Wannan kullewar ita ce abin da na fi yin alfahari da shi a majalisa. Na dawo gida a mota, na jefa ta cikin aljihun tebur, na ari tsohuwar wayar matata. A gida na ce tana wurin gyara.

Bayan kaka 'ya'yan maƙwabcinmu suka kawo masu awo suka fara kafa turaku, suka shigo cikin gonarmu ta gabas da faɗin da zai yi filaye da dama. Ban ce sun yi da gangan ba, wataƙila iyakar da suka sani ke nan. Yayana ya kai magana wurin mai gari, aka sa ranar zama. Yana ta gaya wa mutane cewa mu ba mu da damuwa, muna da bidiyon da mahaifinsu da kansa ya amsa. Sau uku ina buɗe baki in gaya masa ina kasawa. Sai da safiyar ranar, a cikin mota, ya ce in kunna masa ya sake gani kafin mu isa. Nan na faɗa. Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Bai zage ni ba, ya dai tambaye ni wata nawa bidiyon ya yi a hannuna kafin wayar ta mutu. Na ce kusan goma.

Ya ce, "Wata goma. Kuma ba ka ba kowa ba."

A wurin zaman muka faɗi abin da muka gani da abin da muka ji, amma mu masu gado ne, shaidarmu ba ta wadatar ba. Aka je aka tono inda muke zaton kututturen yake ba a same shi ba, domin ni da na riƙe wayar allo nake kallo, ban lura da ƙasa ba, yayana kuma ya dogara da ni. Ƙarshe dattawa suka yi sulhu, aka raba wurin da ake jayayya biyu. Rabin da ya tafi rabon marayun Baffa da 'yan uwana mata na ciki. Ba wanda ya ce in biya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Yayana ya yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Abin da ya karya ni gaba ɗaya ya zo daga baya. Na je gaishe da matar Baffa bayan ta fita takaba. Ba ta san yadda aka yi ba, 'ya'yanta sun ɓoye mata. Bayan mun gaisa ta ce ta ji an ce ina da hoton Malam mai motsi yana tafiya a gona yana magana, don Allah in nuna mata ko sau ɗaya, ita ba ruwanta da iyaka. Na zauna a kan tabarma na rasa inda zan sa idona. Da na gaya mata ta ce ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri, ta tashi ta kawo mini ruwa.

Na daina zama a majalisa na tsawon lokaci. Da na koma, na shiga shagon telan na ce masa shi ne da gaskiya. Bai yi murna ba, ya ce shi ma yana jin da laifinsa, da bai mayar da abin gasa ba da wataƙila na saurare shi. Har yanzu ana musun a bencin, an ma samu sababbin yara masu zafi a kai, kowa na lissafa abin da ta baɗi za ta zo da shi. Ina jinsu raina na ɓaci, don na san yadda abin yake da daɗi a baki.

Ban ce son waya laifi ba ne, kuma ban ce wani tsari ya fi wani ba, kowanne na da inda ya fi da inda ya gaza. Abin da na koya shi ne na mayar da kayan aiki abin kare mutunci, har na ƙi taimakon amini don kada a ce ya fi ni sani. Kamfanonin da muke faɗa dominsu ba su san da mu ba, kuma kowace shekara za su fito da wata. Mai karatu, idan akwai abin da ba za a iya maimaitawa ba a cikin wayarka, muryar tsoho, ko shaidar wata yarjejeniya, ko amanar da dangi suka ba ka, kada ka jira sabuwa. Ka kwafe shi yau, ka ba mutum biyu ko uku, ko da hoton zai dusashe. Abin da ya shafi ƙasa kuma a rubuta shi a takarda, shaidu su sa hannu. Ni kullum sai na wuce ta gefen gonar nan a hanyata ta zuwa aiki, an riga an ɗora bulo har ya kai taga, kuma ni kaɗai na san cewa aikin minti ashirin na ƙi yi.