Numfashin Inna Mai Waina

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da abokan aikina biyu da direba. An tura mu Katsina ne mu zaga ƙananan asibitocin unguwanni, mu ga ko ana bin ƙa'idar kula da masu asma da masu daɗaɗɗen tari. A Bici muka karya kumallo. Ƙosai ya yi tsada, ya kuma rame, har direba ya ce ƙosan ma a rubuta masa magani. Daga Kankiya gero ya yi kai dama da hagu, da hantsi muka shiga gari.

Asibitin da ya tsaya mini a rai wani ɗan ƙarami ne a bayan Ƙofar Marusa. Ma'aikaciya ɗaya tal, ga layi har waje. Na tambaye ta littafin ƙa'idar, ta ciro shi daga durowa, ko ledarsa ba a ɓare ba. Na buɗe baki zan yi faɗa ke nan, sai ga wata tsohuwa mai tuyar waina ta shigo tana haki.

Sau biyu ta huta kafin mu gama gaisawa. Na duba katinta: duk zuwa, maganin tari da kafso. Ashe an taɓa ba ta abin shaƙa, ta ƙulle shi a bakin zane.

Na ce, "Inna, me ya hana ki shaƙa?"

Ta ce, "Ɗiyata, ba wanda ya gwada mani yadda ake yi. Ni hwa ba ni son komi, sai dai in kai ƙarshen Fatiha ban tsaya ba."

Faɗan ya fita daga raina. Muka ɓare ledar tare da ma'aikaciyar, muka bi littafin layi-layi. Ta tambayi Inna hayaƙin icen da take sha, ta karɓi majinarta don gwajin tibi. Muka huda gindin gorar ruwa, muka sa abin shaƙar a hudar don Inna ta ja maganin ta bakin gorar, ma'aikaciyar da kanta ta koya mata: fesa ɗaya, a ja numfashi a hankali. Ta sa ta maimaita.

Jim kaɗan Inna ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Da ta kai "amin" sai ta yi dariya, ma'aikaciyar kuwa ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Bayan la'asar muka juyo, da ƙullin wainar da Inna ta rantse sai mun karɓa. Mun shiga gida ana kiran magariba.

Na tafi ina zaton sakaci zan tarar, na tarar da mace guda tana aikin mutum uku. A rahotona ban rubuta laifin kowa ba. Na roƙi a taƙaita ƙa'idar a shafi ɗaya a manna a bango, a kuma ƙaro mata hannu. Jiya ma'aikaciyar ta kira ni, ta ce Inna ta dawo a ranar da aka sa mata, kuma da ƙafarta ta zo.