Humra a Caji Ofis

Wata Basudaniya ta taɓa zama a sashen baya na gidanmu a Kwarbai, ita da mijinta mai koyar da Larabci. Hausarta duk a karkace take, amma in ta turara ɗaki sai mai wucewa ta lungu ya rage sauri. A ƙarƙashin gadonta akwai wata kwalbar humra da ba ta sayarwa, ba ta ma shafawa. Mahaifiyarta ce ta haɗa ta kafin ta rasu, kuma ita kaɗai ta rage mata daga hannun uwa. Ni da nake ƙawarta ma murfin kawai ake miƙo mini in shinshina.

Ran nan da hantsi 'yan sanda biyu suka faɗo gidan ko sallama babu, wai an ce musu baƙi na haɗa ƙwaya. Suka birkice ɗakin, suka zaro kwalbar. Babbansu, wani kofur mai tumbi, ya buɗe ya shaƙa, ya lumshe ido, sannan ya ce wannan kam sai an kai ta gwaji. Na bi su har zaure ina zazzaga masifa, mayafina a hannu.

Washegari muka je caji ofis, aka ce ba a san zancen ba. Mijin ya kira ƙaramin ofishin jakadancinsu a Kano, suka turo wani dattijo mai farin rawani, muka raka shi a adaidaita sahu. Tun daga bakin ƙofa dattijon ya fara murmushi, don na kan kanta, na kan benci, kowa ƙamshin amarya yake.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa shugaban ofishin, "ko biki ake yi a nan?"

Nan da nan kwalbar da aka ce babu ta fito. An wanke ta tas, har da sabulu. Raina ya ɓaci matuƙa, dattijon kuma ya kafe sai an biya. Ita dai Basudaniyar ta karɓi kwalbar ta rungume. A biya ta da me?

Muna fita sai ga kofur ɗin yana sunne kai. Ta tare shi. Na gyara ɗaurin zanina, na ce yau za a yi ta. Sai kawai ta matsa kusa da rigarsa, ta rufe ido, ta shaƙa.

"Malam, don Allah," ta ce, "tsaya kaɗan. Kar ka tafi tukuna."