Ɗantsoho Majemi da Buzun Malam Kawu

Kafin motocin Maigatari su fara lodi, Ɗantsoho majemi ya riga ya zauna a bayan tashar Gagarawa yana dakan bagaruwa, yana mita. Mitar ba ta canzawa. Duk Babbar Sallah sai ya roƙi mutane su barbaɗa wa fatar layya gishiri su shanya a inuwa, duk shekara kuma sai su rataye ta a kan danga, in ta fara wari su kawo masa, wai ya yi dabara. Mutanenmu ke nan. In kuwa ya miƙa hannu a kasuwa, sai ka ga ana sosa ƙeya, wai hannun yana warin jima.

A daminar 1996 Rahamatu, matar marigayi Malam Kawu, ta kawo masa buzun da mijinta ya tsufa yana salla a kai. Don ƙauna ta wanke shi da ruwan zafi da garin sabulu, ta shanya a rana, ya ƙandare kamar katako, ya fara tsagewa. Shi kaɗai ya rage mata na mijin.

Ɗantsoho ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce fata tana tsufa kamar mai ita, ruwan zafi kuwa dafa ta yake yi. Rahamatu ta tambaya a hankali ko buzun zai koma sabo.

"Ba na mayar da tsoho yaro, baiwar Allah," in ji shi. "Ina dai hana shi saurin tafiya."

Ya yi ta shafa ruwan bagaruwa ta cikin fatar, ya bi da man shanu, yana murzawa da yatsun da sanyin ƙashi ya tanƙware. Manu mahauci, wanda ya ga aikin, ya ba shi shawara ya yanke inda gashi ya zube ya yi faci. Harara kawai ya sha.

Da Rahamatu ta dawo, buzun ya yi laushi. Ta shimfiɗa shi, sai ga gurbin gwiwoyin Malam guda biyu suna nan yadda ya bar su. Ta ɗora tafukanta a kai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ashe ka bar su," ta ce.

"Ba ni na yi su ba, balle in cire."

Kai ne, Ɗantsoho, mai faɗan da ba ya korar kowa. Bana hannu ya ƙi, ka kife kwatarniyar jima, kuma abin haushi babu wanda ya zauna ya koya. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Mu kuwa, mu sa wa fata gishiri, mu riƙe aikinmu yadda Ɗantsoho ya riƙe nasa. In ya miƙo hannun nan a kasuwa, don Allah a karɓa. A kan aikinsa Rahamatu take salla har yau.