Wankan da Alhaji Ya Yi wa Mota

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba zai kwashe ranar da mota ta mutu mana tsakanin Guider da Garuwa ba. Lokacin shugaban ƙasa na farko yana kan mulki, ni kuwa ina goyon fari, ɗan wata tara. Kwana uku yana zazzaɓi da gudawa, har maɗigarsa ta faɗa. Mai allura na garinmu ya duba shi, ya ce in kai shi lopital, wato asibiti, a Garuwa, kada in bari a kwana. Maigidana ya tafi fatauci, don haka ni kaɗai na nufi tasha, yaro a baya, a hannu kuma kwalbar dafaffen ruwa da aka ce in riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan.

Motar tsohuwa ce, ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta. Saboda yaron aka ba ni gaba, tsakanin direba da wani Alhaji mai fataucin goro. Bazara ce, irin zafin nan da ko inuwa ba ta ceton mutum. Mun wuce rabin hanya sai motar ta fara shaƙewa, ta tsaya. Direba bai damu ba. Ya ce zafi ne ya hana mai hawowa. Ya buɗe gaban motar, ya jiƙa tsumma, ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe a gefen inji. Ina tsaye kusa ina kallo, don zama ya gagare ni. Can sai ta tashi.

Ba mu yi nisa ba ta sake tsayawa. Direba ya mayar da tsummansa, ya zaga bayan itace zai kama ruwa. Alhaji ya ce ai tsumma wasan yara ne. "Mai zazzaɓi wanka ake yi masa," in ji shi. Ya kwarara wa injin butarsa gaba ɗaya, ya karɓi ta sauran fasinja ya ƙara, sannan ya miƙo mini hannu. "Yarinya, kawo kwalbar nan. In ta tashi, ai akwai ruwa a Garuwa." Na ba shi. Har yau ina tuna hannuna yana miƙa kwalbar nan. Alhajin sa'an babana ne, kuma ba a koya mini yadda ake ce wa babba a'a ba.

Kafin direba ya dawo, zafi ya shanye ruwan, inji ya bushe kamar ba a taɓa shi ba. Ya murɗa makulli, inji ya yi ta juyawa bai kama ba. Ya zare tiyon mai ya zuƙa da baki, ya tofar. Ya kwance buji, wato fulogi, ya goge, ya ɗaure kan batir, maza suka tura har suka gaji. "Mai yana zuwa," ya ce yana share gumi, "wuta ce babu, kuma ban ga dalili ba." Kowa a wurin ya ga abin da Alhaji ya yi, amma ba wanda ya buɗe baki. Shi kuwa ya koma gindin itace yana jan carbi.

Sai yaron ya daina kuka, abin da ya fi komai ba ni tsoro ke nan. Leɓensa ya bushe, idanunsa rabi a buɗe, na ba shi nono ya kasa kamawa. Wata tsohuwar Bafulatana ta leƙa fuskarsa, ta kawar da kai. "Yi addu'a, 'yata," ta ce a hankali. Na dubi hanya gabas da yamma, ba ko keke.

Ni ban san inji ba, amma na ga inda ruwan ya fi sauka. Na matsa kusa da direba.

"Malam direba, wannan baƙar 'yar tukunyar mai igiyoyi, ruwa yana yi mata illa?"

Ya ɗago kai. "Wane ruwa?"

"An yi wa motar wanka da ka zaga."

"Wa ya yi?"

Na sunkuyar da kai. Daga gindin itace na ji Alhaji yana cewa yaran yanzu ba su da kunya. Direba bai sake tambaya ba. Ya ɓalle murfin abin, wanda ya kira delko, ya kifa shi, ruwa ya ɗiɗɗigo a kan takalminsa. Ya nemi busasshen ƙyalle, babu. Na cire ɗankwalina a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yi mini aure. Ya goge, ya hura, ya shanya a rana ɗan lokaci, ya mayar. A murɗawa ta biyu motar ta kama.

Har muka shiga Garuwa Alhaji bai dube ni ba, ni kuma yatsana yana ƙarƙashin hancin yaro ina jin ko yana numfashi. Kwana shida muka yi a lopital ana yi wa yaron ƙarin ruwa, Allah ya tashe shi.

Gyaran nan bai ɗauki minti goma ba. Shirun da muka yi don kada babba ya ji kunya ya fi awa biyu, kuma ɗana ne ya kusa biyansa da ransa. Tun daga ranar, in rai yana cikin magana, abin da idona ya gani sai na faɗa, kowane ne a zaune a wurin.