Sikelin Anti Nas

Anti Nas ta daɗe a ɗakin shan magani na makarantar 'yan mata, har ɗalibanta na farko sun fara kawo nasu 'ya'yan. Mace ce mai jiki, kullum gwiwa na damunta. Tun tana ƙarama take shan suna, yau Buhu, gobe Randa. Ko ciwon kunne ta kai asibiti, sai an ce mata ta rage ƙiba tukuna.

Da umarni ya zo daga sama cewa a riƙa auna nauyin ɗalibai kowane zango, ita aka ɗora wa aikin. A jera yara a babban zaure, su hau sikeli, ta faɗi lamba kowa na ji. Bakin yara kuwa ba shi da linzami. In lamba ta yi sama, sai dariya ta tashi daga bayan layi.

Akwai wata 'yar aji uku da ake kira Kumatu. Kafin shekara ta zagayo, kumatun sun zube, siket na yawo a ƙugunta. Abincin tara sai ta rabar, in kuma ta ci, ta nufi banɗaki ta amayar. Malamai har yaba mata suke, wai ta yi kyau. Ran nan ana taron safe ta yanke jiki ta faɗi.

Aka kira taron iyaye, aka gayyato wata likita.

"Wannan ciwo ne, kuma yana kisa," in ji likitar. "A daina awon nan a bainar jama'a, a koya wa malamai alamominsa."

Wani uba ya miƙe ya ce, "Likita, ƙiba ma ai cuta ce. In ba a auna su ba, ta ina za mu sani?"

"Tsirfa ce kawai ta yaran zamani," in ji wata uwa. "Mu da muke neman abin da za mu ba su?"

Shugabar makaranta ta ce ita dai umarni aka ba ta, ba ta da ikon sokewa. Sai ta juya ta ce, "Anti Nas, me kika gani?"

Kafin ta buɗe baki, wani daga baya ya ce, "Ita ta fara hawa mana, mu ga ko sikelin zai ɗauka."

Aka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa, don ta saba. Ta ce, "Ku bar ni in mai da shi ɗakina, in sa labule. Iyakar roƙona ke nan."

Aka amince, don kowa ya gaji, yunwa kuma ta fara cin mutane.

Kumatu ta yi jinya ta dawo. Lokacin tara takan zo ɗakin Anti Nas su ci abinci tare, ba mai kallon kwanon wani. Wata rana ta ci, wata rana ta yi ta juya cokali har a kaɗa ƙararrawa. Anti Nas ba ta matsa mata.

Horon malaman da likita ta nema har yau ba a yi ba. Da aka dawo hutu, sababbin ɗalibai suka yi layin awo a bakin ƙofar ɗakinta. Anti Nas ta dafa tebur ta miƙe da ƙyar, ta ce, "Ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata. Kada wadda ta leƙo."