Ƙwan da Kaka Ta Hana a Wanke

A gidanmu na Wara, bakin ruwa, komai wanke shi ake yi: kifi, taru, tukwane, yara. Abu ɗaya Kaka, mahaifiyar babana, ta hana ruwa ya taɓa, shi ne ƙwan kajinta.

Kajin nan ba na kasuwa ba ne. A kwando ta ɗauko kakanninsu lokacin da aka tashe su daga tsohon gari, kafin ruwan dam ya shanye shi. Shekarar da nake magana annoba ta share akurkin. Abin da ya rage kaza ɗaya ce wake-wake, da ƙwai tara da ta saka kafin zakaran ya mutu. Kaka tana ajiye da su, tana jiran kazar ta fara kwanci. In suka lalace, irin tsohon gari ya ƙare.

Ni kuwa ina aji uku, an koya mana tsabta. Na ga kashi a jikin ƙwan, na kwashi shida na wanke su tas da sabulu, na jera a faifai ina jiran yabo.

Kaka ta duba, ta koma kan aikinta. Sai bayan magariba, da muka zagaye wutar bandar kifi, ta gyara zama.

"Ga ta nan ta taso. Mai wanki ta matso kusa, don ita anka yi ta."

Ta ce ranar da aka raba wa halittu riguna, ƙwai ya makara, yadi ya ƙare. Sai kaza ta shafa masa wata riga daga jikinta, wadda ido ba ya gani, da sharaɗin kada ruwa ya taɓa ta. Kwaɗo ya bi gari yana shela cewa 'ya'yan kaza tsirara suke, ga ƙazanta, a kawo ya wanke. Ƙanwar kaza ta ji kunya, ta miƙa nata. Kaza ta ƙi. Aka yi mata dariya, aka yi mata waƙa, ta kwanta a kan nata ba ta motsa ba. Ranar ƙyanƙyasa ta fito da 'ya'ya a bayanta, ƙanwar kuwa wari ya kore ta daga ɗaki.

Na ce, "Kaka, malam ya ce ƙazanta ce."

"Malamin naku ya taɓa ƙyanƙyasar ko ɗan tsako guda? Ke ja'ira, kin tuɓe masu riga. Tashi ki ga yadda aka yi."

Da farko ta goge ukun da ban wanke ba da busasshen tsumma. Sannan ta zuba ƙaiƙayin shinkafa a tukunyar ƙasa, ta dasa su tsini ƙasa. Daga nan ta ɗiga wa nawa shidan gawayi don a gane su, ta kai duka bayan randa inda ke da sanyi.

Kazar ta kwanta a kan tara. Masu gawayi duk suka zama baragurbi. Uku suka fito, shirwa ta ɗauke ɗaya.

Daga biyun nan kajina suka fito. Bara 'yata Hauwa ta dawo daga karatu, ta tarar da tukunyata ta ƙwai, ta ɗauko roba da ruwa.

"Inna, a zamanin nan? Mutane za su ce ba mu da tsabta."

Na ce, "Su ce. Wanda za ki soya yanzu, wanke shi. Na ajiya kuwa, ajiye robar nan."

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar a kan ƙwai ta tsaya. Sai da na girma na lura ƙanwar kaza ma ta san sharaɗin sarai, dariyar mutane ce ta kasa jurewa. Ni na jure. Yanzu haka akwai wake-wake tana kwanci a bayan ɗakina, kuma ba wanda zai kusance ta da sabulu.