Ɗakin Tukwanen Gwaggo Tabawa

Duk wanda ya tashi a unguwarmu a Wudil tun Turawa ba su tafi ba ya san Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, ba ta yar da ko tsingaro sai ta bi gida-gida tana tambaya, "Kin sake shi?"

Ita ta kafa dokar cewa tukunyar biki uku ta ishi unguwa, a ajiye a ɗakinta, kowa ya ara. Wata amarya ta yi taurin kai ta sayo tata. Gwaggo ta je ta leƙa ciki ta ce, "Ma sha Allah. A ciki za ki riƙa kwana?" Washegari tukunyar ta tare a ɗakin Gwaggo.

Dabarar ta rufa wa mutane asiri, sai dai kayan kowa ba mai ikon zubarwa. Turmi ya tsage, wance ta ce a kansa take zama. Ɗaki ya cika maƙil, har kaji na ƙwai a cikin tulu.

Sai auren yayana Sani ya matso, ga shi ba inda zai sa amarya sai ɗakin nan. Babana ya ce a kwashe tarkacen a kai bola, Gwaggo ta tare ƙofa. Ran nan ta hana unguwa daka da girki, ta tara mata tana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko an saki. Da liman ya aiko cewa maza na jin yunwa, ta ce, "Su yi niyyar azumi, kada ladan ya wuce su."

Aka saki komai, sai wani tsagaggen tulu na Iya Hajo, tsohuwar da ta koma wajen ɗanta a Achika. Sani kamar ya yi kuka. Gwaggo ta ɗora tulun a ka ta taka har can. Iya Hajo ta rungume shi tana hawaye, ta ce ta zaci Wudil ta manta da ita.

Gwaggo ta dawo ƙafa a kumbure, ɗauke da fasasshen kasko, wai tukuici. Sani ya yi wuf ya karɓa kafin ta kai shi ɗakin, ya ce shi zai adana mata. Ita da kanta ta share ɗakin, amarya ta tare.

Wallahi ina alfahari da cewa jinina ce. Allah ya jiƙanki Gwaggo, ya yalwata miki kabarinki, ke da ba ki taɓa samun fili a ɗakinki ba.